Sabuwar bindiga daga kwali, kwanso ya ƙi fita: wa ke duba kayan nan kafin su bar masana'anta?

Baban Khalifa (Minnesota):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawarar manya nake nema. Dab da buɗe lokacin farautar agwagwa na sayi sabuwar fam-akshin (bindigar da ake jan hannunta baya da gaba don fitar da kwanson harsashi a ɗura wani), geji 12 (ma'aunin faɗin bututu), a wani babban kanti. Ba zan kama sunan kamfanin ba, don ba ɓata wa wani kasuwa na zo yi ba. Na kai ta filin gwaji, ana cikin harbi sai kwanso ya maƙale a mazauninsa, na ja hannun iya ƙarfina ya ƙi motsi. Da na koma gida na haska fitila cikin bututun, sai ga sawun inji zobe-zobe, wurin duk kaushi. Ƙwallon saitin da ke bakin ma ya karkata hagu. Bututun matsi biyu, irin da ake ɗaurawa a bakin bindiga don tsuke ƙwayoyin harsashi, aka haɗo da ita, ɗaya yana shiga lafiya, ɗayan sai ya cije a rabi. Na kira su suka ce in aiko, gyara zai ɗauki makonni. Wannan aibi fa ido ma yana gani. Ke nan ba wanda ya ɗaga ta ya duba kafin a rufe kwali?

Kawu na Texas:
Wa alaikumus salam. Sannu ɗana. Ban san wanda ya ƙera taka ba, kuma kada ka faɗa. Amma bari in ba ka labarin kamfanin da kowa ya san abin da ya same shi, don an buga a jaridu an je kotu.

Remington tun 1816 suke ƙera bindiga, kuma garin Ilion na jihar New York da masana'antarsu ya rayu, kaka da uba da jika duk ƙofa ɗaya suke shiga aiki. A 1950 suka fito da samfurin 870, wadda aka sayar da fiye da miliyan 11. Tawa 870 Wingmaster ce ta shekarun 1970, hannu na biyu na saye ta, har yau ba ta taɓa riƙe mini kwanso ba. A 2007 wani kamfanin masu jujjuya kuɗi mai suna Cerberus ya saye Remington a kan dala miliyan 370, ya tara shi da wasu kamfanonin bindiga ƙarƙashin abin da suka kira Freedom Group. Suka haɗa da Marlin, suka rufe masana'antarta ta North Haven a 2011, suka kwashe injuna. Injuna sun tafi, amma dattawan da suka san halin kowane inji ba su bi su ba. Bashi ya yi ta hawa har ya haura dala miliyan 900. A watan Maris 2018 suka je kotu suka ce sun karye, a Yuli 2020 suka sake komawa, aka yi gwanjon kamfanin gunduwa-gunduwa: Ruger ya ɗauki Marlin, Vista Outdoor ya ɗauki ɓangaren harsashi, wasu masu suna Roundhill suka ɗauki ɓangaren bindigogin a kan dala miliyan 13 kacal. A Maris 2024 aka rufe Ilion aka koma jihar Jojiya.

Kamfanin da ake bi bashi irin wannan, ka san ba zai biya mutum albashi don ya zauna yana goge cikin bututu ba. Tun da masu lissafi suka karɓi ragama daga hannun maƙera abin ya lalace.

Ɗan Ohio:
Kawu, Allah ya ƙara girma. Tarihin da ka kawo haka yake, amma ban bi ka inda ka kai shi ba. Samfurin 870 Express, mai arahar nan da maharba suka fi kuka da ita kan tsatsa da kaushi, a 1987 ta fito, shekara ashirin kafin Cerberus ya zo. Ita kanta 870 don rage kuɗin ƙira aka zana ta. Winchester Model 12, wadda gwanaye ke zama su daidaita da hannu, ta kasa gogayya da ita a farashi, har aka daina yin ta da yawa a 1964. Mutanen wancan lokacin ma cewa suka yi an lalata sana'a.

Sannan tsofaffin bindigogin da muke yabo su ne waɗanda suka rayu. Marasa kyan an daɗe da narkar da su. Kuma kada a manta, a tsakiyar shekarun 1990 an yi ƙarar taron dangi a nan jiharka ta Texas kan ƙarfen da aka yi bututun wasu bindigogin Remington geji 12 tun daga 1960, aka sasanta da biyan kuɗi. To wancan zamanin ne ake cewa na zinariya.

Gaskiyar ita ce mu masu saye ne. Muna son bindiga ƙasa da dala 300, mun ga Maverick 88 da ake haɗawa a Eagle Pass ta Texas tana tafiya a wannan farashin, kowane kamfani dole ya sauko ko ya rufe. Araha ba ta ado.

Baban Khalifa (Minnesota):
Ɗan'uwa, ai ba ado na nema ba. Ban ce a ba ni ƙotar katako mai sheƙi ba, roba ce kuma na yarda. Abin da na biya kuɗi a kai shi ne in ja hannu kwanso ya fita. In wannan ma sai mai tsada, to a rubuta a jikin kwali.

Maman Hanif (Michigan):
Salamu alaikum. Ni ba maharbiya ba ce, maigidana ne ke farauta, ta wayarsa na ga maganar har na nemi a sa ni. Aikina ke nan, sashen duba inganci a masana'antar kayan mota, shi ya sa na kasa yin shiru.

Kawu da Ɗan Ohio, abu biyu kuke haɗawa. Akwai kayan da aka zana don su yi araha, akwai kayan da ba a duba ba. Roba a madadin katako, fenti mai kaushi a madadin gogaggen ƙarfe, wannan shawara ce aka zauna aka yanke, mai saye kuma yana gani da idonsa. Amma mazaunin harsashi mai zobe-zobe ba wanda ya zana shi haka. Abin da ya faru shi ne wuƙar injin da ke fafe wurin ta dushe. Kowace wuƙa tana da adadin aikin da ya kamata ta yi a canza ta. In aka ce a ƙara ja da ita don a rage kashe kuɗi, ko don kada layi ya tsaya, na farko-farkon za su fito sumul, na ƙarshen su fito irin ta Baban Khalifa. Shi ya sa mutum biyu za su sayi samfuri ɗaya a kanti ɗaya, wannan ya rantse da ita, wancan ya la'ance ta, kuma duka gaskiya suke faɗa.

Wurin da ya kamata a kama wannan shi ne teburin dubawa. Akwai ma'auni guda biyu, ɗaya dole ya shiga, ɗaya dole ya ƙi shiga, aikin daƙiƙa kaɗan ne. Amma ba kowane abu ake aunawa ba, ana ɗiba ne, kamar yadda mai sayen hatsi ke soka buhu ya duba abin da ya fito. In kana soka buhu ɗaya cikin goma za ka gane matsala da wuri. In ka koma ɗaya cikin ɗari, sai kaya sun kai kasuwa. Kuma duk lokacin da oda ta yi yawa, wannan teburin ne ake fara ragewa, don shi kaɗai ne ba ya ƙara yawan kayan da ke fita, ragewa ma yake yi. Ku tuna 2020, lokacin da binciken da FBI ke yi wa masu sayen bindiga ya kusa miliyan 40 a shekara ɗaya. An ɗebi sababbin ma'aikata, ana aiki dare da rana, duk abin da aka sa a kwali yana sayuwa.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, injunan yau masu aiki da kwamfuta sun fi na 1950 daidaito nesa ba kusa ba. Babu uzuri. Lissafi kawai ake yi: nawa ne albashin masu dubawa, nawa ne kuɗin gyara wa 'yan kaɗan da za su dawo da kaya? In na biyun ya fi sauƙi, sai a mayar da mai saye ya zama shi ne mai dubawa, ba tare da an gaya masa ba, kuma ba a biya shi ba.

Kawu na Texas:
Hajiya, Allah ya yi miki albarka. Kin faɗi abin da nake ji a raina na rasa yadda zan tsara shi.

Ɗan Ohio:
Hajiya, na karɓi rabewar da kika yi. Amma ai kasuwa tana hukunci. Remington sun yi sakaci, sun karye sau biyu. Waɗanda suka gaje su sun ajiye Express sun fito da Fieldmaster, kuma da yawa sun ce ta fi kyau. Marlin a hannun Ruger ta dawo da martabarta. Wa ya tilasta musu? Masu saye ne suka juya baya.

Maman Hanif (Michigan):
Hukuncin kasuwa yana zuwa ne bayan shekara goma, Malam, kayan kuma suna hannun mutane. A wurinmu in burki ya sami matsala akwai hukumar gwamnati da za ta tilasta a janye motocin. Bindiga fa? Hukumar kare lafiyar masu sayen kaya ta Amurka, wadda aka kafa a 1972, tana da iko a kan kujerar jarirai da na'urar busar da gashi, amma majalisa ta hana ta taɓa bindiga da harsashi. Duk janyewar da ka ji, kamfanin ne ya ga dama, ko lauyoyi suka matsa. A 2014 Remington sun kira a dawo da wasu bindigogin samfurin 887, saboda allurar da ke dukan gindin harsashi tana iya maƙalewa a gaba, bindiga ta tashi da kanta lokacin da ake ɗura ta. A 2015 Winchester sun kira wasu SXP masu mazaunin inci uku da rabi, su ma saboda suna iya tashi yayin rufewa. Sun kyauta da suka kira. Amma wanda ya saya hannu na biyu a ƙauye, wa zai kai masa labari?

Malam na Birmingham:
Jama'a barkanmu da war haka. Ina ta karantawa, bari in sa baki daga wannan ɓangaren. A nan Ingila ba a bar wa kamfani ya ba wa kansa shaida ba. A garin da nake akwai gidan gwajin bindiga da majalisa ta kafa tun 1813, na Landan kuma tun 1637. Laifi ne ka sayar da bindigar da ba ta da hatiminsu ko na wata ƙasa da aka amince da ita. Kowace bindiga, ba ɗiba ba, sai an auna ta, an harba mata harsashin gwaji mai ƙarfi fiye da na yau da kullum, an sake dubawa, sannan a buga hatimi a jikin ƙarfe. Ƙasashe 14 ne suka haɗu a wannan yarjejeniya da ake kira CIP. Italiya nata gidan yana Gardone Val Trompia, garin Beretta, na Beljiyam yana Liège. Amurka ba ta ciki. Abin da take da shi SAAMI ne, ƙungiyar kamfanonin da kansu tun 1926, ƙa'idojinta kuma na ganin dama ne.

Sai dai kada in yi muku ƙari. Hatimi yana shaida cewa ƙarfen zai ɗauki ƙarfin harsashi ba zai fashe a fuskarka ba. Ba ya shaida cewa saiti ya miƙe ko fenti ba zai yi tsatsa ba. Mu ma a nan ana dawo da sababbin bindigogi shago.

Ɗan Ohio:
To ka gani. Kuma manyan kamfanonin nan suna yin nasu gwajin a cikin gida.

Malam na Birmingham:
Suna yi, ban musa ba. Amma ranar da bashi ya shaƙe kamfani, wa zai shiga ya tabbatar ba a tsallake ba? Nan ne bambancin.

Jikan Sarkin Baka (Katsina):
Ranku ya daɗe, ina gaisuwa. Ina jin ku kuna maganar garanti da aikawa a gyara, sai na ji ƙwalla. Ku agwagwa ce za ta tsere muku. Mu a nan wanda ke riƙe da fam-akshin galibi ɗan sintiri ne ko mafarauci da ke kwana a bakin gari saboda 'yan bindiga. In kwanso ya maƙale masa da tsakar dare, ba makonni zai jira ba, gawarsa za a ɗauko.

Kuma ku duba ta inda kayan ke shigowa. A 2017 kaɗai Kwastam sun kama irin waɗannan bindigogi a Legas har sau huɗu: 661 a Janairu, 440 a Mayu, 1,100 a Satumba, sannan 470 a cikin watan dai. Na Satumban daga Turkiyya aka ce sun fito, har shugaban Kwastam na lokacin, Hameed Ali, ya nemi zama da jakadansu. Waɗannan su ne aka kama. Abin da aka ɓoye cikin kwantena da sunan kayan gini, wa ya gwada shi? Wa za ka mayar wa? Na ga sababbi da idona waɗanda ƙarfen hannun ya lanƙwashe tun ba su ga damina biyu ba. Dattawanmu masu bindigar toka aƙalla sun san maƙerin da ya yi ta, sun san ƙofar gidansa. Ni dai kullum ina gaya wa yaranmu su bi ta hanyar lasisin 'yan sanda da dillali mai rajista, ko ba komai akwai wanda za ka riƙe.

Kawu na Texas:
Allah ya tsare ku, ya kawo ƙarshen wannan masifa. Maganarka ta sa tamu ta zama ƙarama.

Ɗan Ohio:
Amin. Amma Yaya, kada a ɗauka duk kayan Turkiyya haka suke. A yankin Konya akwai garuruwa irin Huğlu da Üzümlü da sana'arsu ke nan tun kakanni. Bindigogin farauta masu sunan CZ da ake sayarwa a nan da yawansu a Huğlu ake yin su, Stoeger kuma na rukunin Beretta ne amma a Turkiyya masana'antarsu take. Suna da kyau don mai odar yana tura mutanensa su duba, in ba su yi ba ya mayar. A gefensu kuma akwai ƙananan shaguna da za su yi maka a duk farashin da ka ce, su buga duk sunan da kake so. Nan ma a 2020 irin waɗannan sun cika kantuna, yau ka nemi kayan gyaransu babu, mai shigo da su ma ya ɓace.

Maman Hanif (Michigan):
Ai ka dawo kan maganata, Malam. Kai da bakinka ka ce suna da kyau don akwai mai dubawa.

Ɗan Ohio:
Mai dubawa na kamfani, Hajiya, ba na gwamnati ba. A nan muka rabu.

Kawu na Texas:
Ku bar wannan tukuna, akwai abin da ya fi gaggawa. Baban Khalifa, bututun matsin nan da ya cije, kada ka kuskura ka sa ƙarfi, kada kuma ka yi harbi da shi a haka. In bai zauna daram ba yana barin tudu a ciki, ƙwayoyi su zo su dake shi, bakin bindiga ya kumbura ko ya tsage. Tunda agwagwa za ka, ka san tun 1991 an hana ƙwayar dalma a farautar tsuntsayen ruwa, ta ƙarfe kuma ba ta matsuwa, don haka ka duba an rubuta a jikinsa cewa yana ɗaukar ta.

Kayan ƙari ma sun fi bindigogin lalacewa. Madubin saiti na jabu ya cika intanet, da suna da kwali irin na asali, harbi kaɗan saiti ya gudu. Maratayin da ƙugiyarsa ke ɓallewa bindiga ta faɗi da harsashi a ciki. Abin jera harsashi da ake ɗaurawa a gefe, in sukurorin ba daidai ba ne ko aka matse su da yawa, sai su tsuke jikin bindigar hannu ya ƙi tafiya. Harsashi mai araha kuma gindinsa ƙarfe ne aka shafa masa ruwan tagulla, yana buɗewa ba ya komawa, in ya haɗu da mazauni mai kaushi sai ya kama. Wasu kan goge wurin da kansu a gida su huta.

Maman Hanif (Michigan):
Kawu, a gafarce ni, wannan na ƙarshen ban goyi baya ba. Duk wanda ya gyara a gida ya share aibin daga littafin kamfani. A wurinmu abin da ba a dawo da shi ba, bai faru ba. Ya ɗauki hoto, ya rubuta lambar bindigar, ya mayar musu a rubuce. Da lambar ake gano rana da layin da aka yi ta, da sauran 'yan'uwanta da ke hannun wasu. Kuma in ya taɓa ta da kansa garantin ma zai iya faɗuwa.

Baban Khalifa (Minnesota):
Na gode Kawu, na gode Hajiya. Zan mayar, zan ari ta maƙwabcina a wannan kakar.

Jikan Sarkin Baka (Katsina):
Malam na Birmingham, hatimin nan da ka faɗa, a ina ake ganinsa? Ina so in nuna wa mutanenmu a taron ƙungiya.

Malam na Birmingham:
A cire harsashi tukuna, a tabbatar babu komai a ciki. A mai baki biyu, in ka raba ta za ka ga alamomin a ƙasan bututu, wurin da yake kwanciya a kan jiki. A fam-akshin suna gefen bututu kusa da mazaunin harsashi. Turkiyya ba ta cikin CIP, don haka wadda ta taho kai tsaye daga can ba lallai ka ga irin wannan hatimin ba, waɗanda ake kawowa nan sai an gwada su bayan sun iso. Abin da za ka fi samu shi ne lambobi, 12/70 ko 12/76. Na biyun tsawon mazaunin ne a milimita, 70 inci biyu da kwata uku, 76 inci uku. Harsashin 76 yana shiga mazaunin 70 lafiya lau, don sai an harba yake buɗewa ya kai tsawonsa, a nan ne ƙarfin ke wuce kima. Ka ce su karanta jikin bindiga su karanta jikin harsashi kafin su ɗura. Kuma kada a haɗa harsashin geji 20 da na 12 a aljihu ɗaya, na 20 yana zurmawa cikin bututun 12 ya tsaya, a ɗora wani a bayansa ba a sani ba.

Jikan Sarkin Baka (Katsina):
Na rubuta, Malam. Ran Juma'a muke zama, zan ce kowa ya zo da tasa a duba.